Sito a saman shago: ta ina yaro zai sauko idan wuta ta tashi?

A Kankia da Kusada, wasu masu shagon waya da na caji kan haɗa sito na katako a sama, su jibge fawa banki da batira, tsani ɗaya kacal. Batirin litiyam idan ya kumbura ko ya ɗau zafi yana iya kamawa da wuta, hayaƙi kuma sama yake tashi. Wutar na tare tsanin, yaron shagon da ke sama ba shi da mafita.

Dokar Gine-gine ta Ƙasa ta 2006 ta tanadi hanyoyin fita daga gini, gobarar Babbar Kasuwar Katsina ta Maris 2021 kuma ta ishe mu darasi. A ganina, duk siton da mutum ke hawa a yi masa kafaffiyar matakala da taga mai buɗewa. Batira kuwa, a bar su ƙasa.