Dokar Haraji: Sukar 'Yan Adawa Ta Yi Rana, Amma Da Sauran Aiki

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan dambarwar dokokin haraji, musamman ga masu cewa duk wanda ya soki gwamnati a zauren majalisa neman suna kawai yake yi.

A watan Oktoban 2024 Shugaba Bola Tinubu ya aika wa Majalisar Tarayya ƙudirori huɗu na gyaran haraji, waɗanda kwamitin Taiwo Oyedele ya tsara. A cikinsu an nemi ɗaga harajin VAT daga kashi 7.5 zuwa kashi 10, ya yi ta hawa har ya kai kashi 15 a 2030. An kuma nemi a raba kashi 60 na rabon jihohi bisa inda harajin ya fito, alhali a da kashi 20 ne. Nan aka ja daga. Manyan bankuna da kamfanonin waya a Legas suke da hedikwata, a can suke zuba harajinsu. Mutumin Gusau ya sa kati a wayarsa, amma a lissafi Legas ce ta tara kuɗin. Kwamitin ya ce za a koma duba inda aka yi amfani da kaya, masu suka suka ce a rubuta hakan ɓaro-ɓaro a cikin doka, don alkawarin baka ba ya tsayawa a gaban alƙali.

Gwamnonin Arewa sun taru a Kaduna suka ƙi amincewa. Gwamna Bala Mohammed na jam'iyyar adawa ya ɗaga murya, kuma ko a cikin jam'iyyar APC mai mulki Sanata Ali Ndume da Gwamna Babagana Zulum ba su yi shiru ba. An kira su masu hana ruwa gudu. To ga abin da sukar ta haifar: VAT ya tsaya a kashi 7.5, rabon jihohi ya koma kashi 50 daidai wa daida, kashi 20 bisa yawan jama'a, kashi 30 bisa inda aka yi amfani da kaya, sannan aka janye shirin yanke wa asusun TETFund kuɗin da ake gina azuzuwa da ɗakunan karatu da su a jami'o'inmu. Da kowa ya ce "na'am" tun ranar farko, da yanzu muna biyan ƙarin haraji kan sabulu da katin waya. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Shugaban ƙasa ya sa hannu kan dokokin a ranar 26 ga Yunin 2025. Sai ga shi a watan Disamba ɗan majalisar wakilai Abdussamad Dasuki daga Sakkwato ya miƙe a zaure ya ce abin da aka buga a gazet ya sha bamban da abin da suka amince da shi. Wannan magana ta fi batun kaso nauyi. Idan doka za ta iya sauya kama tsakanin zauren majalisa da maɗaba'ar gwamnati, me ya rage na amfanin muhawarar? Majalisa ta kafa kwamiti, aka ba da umarnin sake bugawa, dokar kuma ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Jama'a na da haƙƙin sanin yadda aka yi aka haihu a ragaya.

Ba na musun alherin da ke cikin dokar. An yafe haraji ga mai samun naira dubu 800 ko ƙasa da haka a shekara, an cire VAT daga kayan abinci na yau da kullum da magani da littattafan makaranta. Sai dai mafi yawan talakawanmu ba albashi suke karɓa ba, kuma harajin da ke cin su ba a Abuja ake yanka shi ba. Ni ɗan kasuwar hatsi ne. Kafin a ɗaure tampol a kan motar masara an biya kuɗin lodi da kuɗin fita kasuwa. A hanya kuma sai ka tarar da katako mai ƙusoshi a gicciye, wani ya miƙo rasit mai tambarin da ba ka taɓa gani ba, wani ma ko rasit ɗin babu. Duk wannan a kan buhu yake ƙarewa, daga buhu zuwa mudu, daga mudu zuwa tukunyar marainiya. Mai sayar da tumatir a faifai tana biyan kuɗin wuri da na shara kullum, sharar kuma tana nan jibge a bayanta.

A nan ne nake ganin 'yan adawa sun gaza. Sun yi yaƙi kan yadda gwamnoni za su raba kuɗi, amma muryarsu ta yi ƙasa kan yadda ake karɓarsa daga hannun talaka da kuma inda yake shiga. Kason jihohi a VAT ya tashi daga kashi 50 zuwa 55. Wane ɗan majalisar jiha ne ya tambayi gwamnansa asibiti nawa ko rijiyar burtsatse nawa wannan ƙarin zai samar? Adalcin haraji shi ne mai ƙarfi ya biya gwargwadon ƙarfinsa, a sassauta wa mai rauni, kowa kuma ya ga aikin kuɗinsa a unguwarsu.

Don haka ina kira ga wakilanmu, na adawa da na jam'iyya mai mulki, su tabbatar dokar da ake aiki da ita ita ce wadda suka amince da ita, su sa a fassara ta da Hausa da sauran harsunanmu, su kuma tilasta wa jihohi kawar da shingayen karɓar kuɗi a kan hanya. Mu kuma masu zaɓe, duk ɗan majalisar da ya zo neman ƙuri'a mu tambaye shi me ya faɗa a zaure ranar da ake yanka mana haraji. Allah Ya ba mu shugabanni masu adalci, amin.



Mai karanta jaridarku a kullum,
daga Kano.