WA ZAI ƘETARAR DA TALAKA?

Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, wani kwale-kwale ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai a Jihar Kano. Aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya da suka taso daga ƙauyen Badau za su Maulidi. Allah Ya jiƙansu. A watan Mayun shekarar ma, wani jirgin ya nutse da ɗimbin bayin Allah kusa da Warra a Jihar Kebbi.

Sanadin ba ɓoyayye ba ne: tsohon jirgi, lodi fiye da kima, babu rigunan kariya. Mai jirgi na neman abin sawa a baka, fasinja kuwa ba shi da wata hanya. Alhali tun 1997 aka kafa hukumar NIWA mai hedikwata a Lokoja domin kula da hanyoyin ruwa.

Matashin Danja zai iya cewa garinsu babu kogi. To amma ya san abin da lalacewar hanya ke yi wa tumatirin manomi kafin ya kai kasuwa. Wanda ruwa ya raba da asibiti da makaranta, jirgi ne hanyarsa, kuma hanya nauyin hukuma ce.

Saboda haka wajibi ne mahukunta su samar da jiragen fasinja daga baitulmali, su ware kuɗin mai da gyara kowace shekara, su ƙayyade adadin masu shiga, su sassauta kuɗin fito. Sayo jirgi bayan jana'iza a bar shi ya ruɓe, cin amana ne. Ya rage ga 'yan uwa matasa su ci gaba da tambayar inda dukiyar al'umma take tafiya.