Kafin a Sake Kunna Matatar Kaduna, a Toshe Bakin Tankunanta

A 2024 mutanen Kapam da ke ƙaramar hukumar Chikun, yawancinsu mata, suka tare ƙofar matatar mai ta Kaduna suna kokawa cewa wata iska mai guba ta fito daga ciki, ta ƙone musu amfanin gona, ta kashe dabbobi, ta kwantar da mutane. Matatar da ta yi shekaru ba ta aiki ke nan fa! Idan tana kwance haka maƙwabta ke ji a jikinsu, ina ga ranar da ta tashi?

An buɗe ta a 1980, tana iya tace ganga 110,000 a rana. A 2023 kamfanin NNPC ya ba kamfanin Daewoo kwangilar gyaranta a kan sama da dala miliyan 700. Kullum zancen da ake yi mana shi ne yaushe mai zai fito. Ni tambayata daban ce: nawa aka ware don tankunan ajiya? A fito a faɗa.

Fetur ba ya zama shiru a cikin tanki. Da rana ta buɗe, ƙarfe ya ɗau zafi, sai tururi ya taru tsakanin mai da rufi, ya fice ta mashaƙa. Da dare tankin ya huce ya ja sabuwar iska, gobe a maimaita. Duk sanda aka zuba sabon mai, tururin da ke ciki waje yake yi. Ku ƙiyasta wannan a zafin bazararmu. A cikin tururin nan akwai sinadarin benzin, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe da tabbatar da cewa yana haddasa sankarar jini. Ma'aikaci na shaƙa, direban tanka da yaronsa na shaƙa, jaririn da ke goye a Maraban Rido, kusa da matatar, na shaƙa.

Wani zai ce ina ruwan manomin Funtua ko Malumfashi da tankin da ke Kaduna. Da ruwanmu mana. Idan tururin ya gamu da hayaƙin motoci a cikin rana, yakan zama iskar ozon ta ƙasa, wadda ke tafiya mai nisa, tana shiga ganye tana rage yabanya. Waken suya da auduga na cikin waɗanda ta fi illatawa, kuma su muke nomawa daga Bakori har Ƙafur. Sannan abin da ya bi iska mai ne, kuɗi ne. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai noman rani ke sayar da buhun masara don ya shayar da injin ban-ruwa. A ce a lokacin nan ana barin fetur na salwanta saboda sakaci, wallahi abin ya yi ciwo.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne maganin sananne ne. Akwai rufin da ke yawo a kan mai, yana hawa da sauka tare da shi, ba ya barin sararin da tururi zai taru. Amma sai an riƙa sauya robar da ke gefensa in ta cinye. Akwai farin fenti mai rage zafi. Akwai na'urar da ke kama tururi wajen lodin tanka ta mayar da shi mai, da kyamarar da ke nuna yoyon da ido ba ya gani. A Turai tun 1994 doka ta wajabta kama tururin fetur a wuraren ajiya da lodi. Tun ran gini, tun ran zane. Kafin a sake kunna matatar ne lokacin yinsa.

Mu ma nan gida Funtua ba mu tsira ba. Ka tsaya kusa da gidan mai a kan hanyar Zariya ko ta Gusau lokacin da tanka ke juye kaya, wari zai sa kanka ya sara, ga masu tallar awara da almajirai a gindin bututun. Yarinyar da ke riƙe da famfo tun safe har dare, wa ya taɓa auna jininta?

Dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa hukumar NMDPRA alhakin sa ido a kan matatu da defo-defo da gidajen mai. To ta auna iskar Kapam da Rido, ta duba kowane tanki, ta buga sakamakon da Hausa kafin a kunna wuta. 'Yan majalisarmu na shiyyar Funtua kuma, ranku ya daɗe, ku da kuka zo neman ƙuri'a har gona, ku tashi a zauren majalisa ku nemi a karanto muku takardar kwangilar nan.