Mai hoto, gyara muna haske, bar muna fuskarmu

Ɗan'uwa mai karatu, ɗauko hoton sallar bara ka duba da kyau. Wanda ke cikin hoton nan, kai ne? Da yawa daga cikinmu, in sun faɗi gaskiya, za su ce a'a. An kankare fatar, an share zanen fuska, an maida baƙi fari. Sai uwar mutum ta riƙa hoto tana tambaya ko ɗan wane ne.

Wasu tsofaffin masu hoto sun ce laifin kwamfuta ne, don haka ba za su koye ta ba. Ba mu yarda ba. Ga misali. A 1975 wani ma'aikacin kamfanin Kodak, a Amurka, ya ƙera kyamarar farko marar fim. Kamfanin ya ci gaba da dogara ga fim. A 2012 ya kai kansa kotu don bashi ya fi ƙarfinsa. In zamani ya kada babban kamfani, ina ga ƙaramin shago a Maraɗi ko Damagaram? Gemu ba ya hana ilimi. Photoshop ya fito tun 1990, shi na kuɗi ne. GIMP kyauta ne a kwamfuta. Snapseed kyauta ne a salula.

Amma koyo iri biyu ne. Akwai yaron da ya gane maɓalli guda, na farar fata, ya ce ya gama. Wannan bai koyi sana'a ba, ya koyi ɓarna. Garin neman gira ya rasa ido.

Mine ne gyaran gaskiya? Ka sa farar riga da rana tsaka. Kyamara ta auna hasken rigar, sai fuskarka ta yi duhu. Gwani zai ƙara haske wurin inuwa kaɗai, har idanu su fito, launin fata kuwa ya zauna yadda Allah ya yi shi. Zai miƙe hoton da ya karkace. Zai yanke gefen da bai da amfani. Zai ɗinke tsohon hoton kakanka da gara ta ci. Kuma ba ya taɓa hoton asali: sai ya kwafe shi, ya yi aiki bisa kwafin. In ya yi kure, asali na nan.

Za a ce masu saye ne ke son a maida su farare. To, wa ya koya musu? Malick Sidibé na Bamako ya ɗauki samari da ƴan mata baƙaƙe wuluk cikin kwalliyarsu, har ya samu babbar kyauta a Italiya a 2007. Fatarsu ba ta rage ma hoton komi ba.

Abin kuma bai tsaya ga ado ba. Hoton katin ɗan ƙasa da na fasfo shaida ne. In fuskar takarda ta saɓa da taka, kai za a tsaida a kan hanya, mai hoto yana gida kwance.

Saboda haka, ran da ka je ɗaukar hoto, ka tambayi mai shago: ka iya gyaran haske? In ya iya, biya shi da murna. Ka ce mishi ya bar maka launinka da zanen gidanku. Jikokinka za su so ganin kakansu, ba wani baƙo ba.