Waƙar Agaji: Kuɗi Sun Shigo, Amma Muryar Wa Aka Ji?

Jama'a, rigimar da ta tashi kan waƙar Band Aid a Nuwamban 2024 tsohon miki ta fama.

A 1984 Bob Geldof da Midge Ure suka haɗa manyan mawaƙa a Landan, suka yi waƙar tara wa Habasha kuɗi lokacin yunwa. Sai wasan Live Aid ya biyo baya ranar 13 ga Yuli, 1985. An ciyar da mutane, wannan ba gardama.

Da aka sabunta waƙar bayan shekara 40, Ed Sheeran ya ce ba a nemi izininsa ba kafin a saka muryarsa. Ya goyi bayan Fuse ODG, ɗan asalin Gana, wanda tun 2014 ya ƙi shiga. Hujjarsa ita ce irin waɗannan waƙoƙi suna nuna Afirka kamar gidan bara, har masu zuba jari su guje ta.

A wancan lokacin Manu Dibango na Kamaru ya haɗa su Salif Keita da Mory Kanté, suka yi tasu waƙar agajin, Tam Tam pour l'Éthiopie. Mutum nawa suka san ta? Mawaƙa kam muna da su, manyan gidajen talabijin ne ke hannun wasu. Yanzu da YouTube ke wayar kowa, uzurin mawaƙanmu ya ragu sosai.