A Gaya Mana Abin Da Kuɗin Raya Yankinmu Ya Haifar

A ƙarshen kowace shekara ma'ajin ikilisiya yakan tsaya gaban jama'a ya karanta abin da aka samu na baiko da zakka, da inda kowane kwabo ya tafi. Ba wanda ke ɗaukar wannan cin mutunci ne ga ma'aji. To, me zai hana mu nemi irin wannan lissafi daga hukumomin da ke raya yankunanmu da kuɗin jama'a?

A 2017 aka sa hannu a dokar kafa Hukumar Raya Arewa Maso Gabas, domin sake gina jihohin Adamawa, Bauchi, Borno, Gombe, Taraba da Yobe bayan ɓarnar Boko Haram. Ta Arewa Maso Yamma ta biyo baya a 2024, ta Arewa Ta Tsakiya kuma a 2025. Mun yi murna. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Hukumar Raya Neja Delta tana nan tun 2000, binciken da aka miƙa wa gwamnati a 2021 kuwa ya nuna ta karɓi kimanin naira tiriliyan 6, ga ayyuka sama da 13,000 da aka watsar ko aka yi musu aikin ha'inci.

Yawan kwangila da bikin yanke ƙyalle ba su isa ma'auni ba. In an ce an haƙa rijiyoyin burtsatse, muna so mu ji nawa ne ke ba da ruwa bayan shekara biyu. In an gina azuzuwa, yara nawa ne suka iya karatu? In an buɗe asibiti, akwai ungozoma da magani? 'Yan gudun hijira nawa ne suka koma Gwoza, Michika da Madagali suka yi noma suka girbe?

Kafin a fara aiki, wajibi ne a rubuta halin da ake ciki, domin wanda bai san inda ya taso ba, ba zai san nisan da ya yi ba. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 na cikin talauci ta fuskar lafiya, ilimi da zaman rayuwa, kashi 65 cikin ɗari kuma a Arewa suke. A faɗa mana yadda kowace hukuma ke rage wannan adadi, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma, kuma wani dabam ne zai auna, ba mai aikin ba.

Wasu za su ce alƙaluma ma ana murɗe su. Gaskiya ne, shi ya sa nauyin ya dawo kanmu. Da wuya a sami ƙauyen da muke zaune babu majami'a. Dattawa, Zumuntar Mata da matasa za su iya zagayawa tare da maƙwabtanmu Musulmi su duba famfo da makaranta, su rubuta abin da suka gani, tun da gani ya kori ji. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowannenmu ikon neman takardun aiki daga hukumar gwamnati.

Nehemiya ya gama garun Urushalima cikin kwana 52, an kuma rubuta sunan kowane iyali da sashen da ya gina. Allah ya ba shugabanninmu irin wannan riƙon amana, mu kuma ya ba mu ƙarfin halin tambaya. Amin.