Fentin Falon Baba: A Tambayi Mai Zama A Ciki

A watan jiya mun je gaishe da wani dattijo, tsohon hedimasta, wanda ya bar gidan makaranta mai ɗaki huɗu ya koma ɗan gidan da ya gina a garinsu, ciki biyu da falo. 'Ya'yansa sun yi ƙoƙari, ba mu raina ba. Sun haɗo kuɗi daga Abuja da Legas, aka sa tayil, aka yi silin, aka shafe falon da fenti ruwan toka mai duhu irin wanda ake yayi yanzu, labule ma ruwan toka, kujeru kuwa baƙaƙe. A hoton da aka aika musu ta waya, ɗakin ya yi kyau kamar ofishin manajan banki. Amma mu a waje muka tarar da Baba, gindin mangwaro, da tabarau a hanci da littafi a cinya. Muka ce, "Baba, ga sabon falo, me ya fito da ku cikin wannan iska?" Ya yi dariya, ya ce da ƙarfe huɗu na yamma ta yi ba ya ƙara ganin rubutu a ciki. Mama kuma ta nuna mana ƙaurinta, inda ta yi karo da teburin tsakiya, baƙin tebur a kan tayil mai duhu.

Wani zai ce maganar fenti ba ta isa a ba ta shafi guda ba, ga tsadar abinci, ga fanshon da ba ya zuwa a kan kari. Mun ji. Amma wannan ƙaura tana jiran da yawa daga cikinmu. Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki in ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki. Malaman makaranta an ƙara musu zuwa 65 ko 40 bisa dokar 2022, amma ranar tana nan tafe. Tun 2003 Gwamnatin Tarayya ta fara janye hannu daga ba ma'aikata gidaje, tana ba su kuɗi a maimako, har ta sayar da kwatas masu yawa. Fasto ma in ya yi ritaya sai ya miƙa makullin gidan fasto ga na bayansa. Ga kuma gwauruwar da 'ya'ya suka watse suka bar ta da babban gida wanda shararsa kaɗai ta fi ƙarfinta. Duk waɗannan ƙaramin gida suke komawa, kuma falon wannan gida nan ne za su yi yawancin sauran kwanakinsu: nan za a karɓi baƙi, nan za a yi addu'ar safe, nan 'yan Zumuntar Mata za su zauna in sun zo gaisuwa, nan jikoki za su yi birgima lokacin Kirsimati. Kuɗin garatuti kuwa sau ɗaya ake ba da shi. In an yi kuskuren fenti, mai yiwuwa da shi za a zauna shekara goma.

Ra'ayinmu shi ne, launin falon tsoho a zaɓe shi da idon tsohon, ba da idon wanda ya biya kuɗi ba. Wannan ba maganar ladabi kaɗai ba ce, gama idon ɗan shekara 65 da na ɗan shekara 30 ba abu ɗaya suke gani ba ko da suna tsaye wuri guda.

Masana ido sun daɗe da bayyana dalilin. Yayin da shekaru suke ƙaruwa, ƙofar da haske yake bi ya shiga ido tana ƙanƙancewa, madubin da ke cikin ƙwayar idon kuma yana yin kauri yana komawa rawaya-rawaya. Saboda haka hasken da yake isa can cikin idon ɗan shekara 60 bai wuce kashi ɗaya cikin uku na wanda yake isa idon ɗan shekara 20 ba. Ɗakin da saurayi yake gani sarai, ga mahaifinsa magariba ce ta yi. Wannan rawayar kuma tana cinye shuɗi, har ya zama da wuya tsoho ya raba shuɗi mai duhu da kore mai duhu da baƙi, alhali ja da ruwan goro da ruwan ɗorawa suna nan yana ganinsu. In yanar ido ta fara, sai a ƙara da wata wahala: duk abu mai ƙyalli yana kashe masa ido. Ke nan tayil mai sheƙi kamar madubi da fentin mai a bango duka, waɗanda muke ɗauka alamar gida ya haɗu, su ne suke sa Mama ta riƙa lalube da rana tsaka.

Yanzu a kawo ruwan toka. Ba mu da gāba da shi, a inda ya dace yana da kyau. Amma hotunan da 'ya'yanmu suke kwaikwayo an ɗauke su ne a ɗakuna masu manyan tagogi na gilashi, da fitilu birjik waɗanda ba a ɗauke musu wuta. Namu falon taga biyu ce ƙanana, da ƙarfen tsaro, da ragar sauro, da labule mai kauri saboda ƙura. Farin bango yana mayar da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken da ya faɗa masa, bango mai duhu kuwa shanye mafi yawansa yake yi. Ranar da Nepa ta ɗauke wuta, aka kunna 'yar fitilar sola guda ɗaya, a ɗaki mai hasken bango za a iya karatu da ita, a ɗaki mai duhun bango kuwa iyakarta teburin da aka ɗora ta. Wanda ya taɓa zama a ƙauye ya kuma san amfanin ganin kunama a bango tun kafin ta sauko, balle sauro da yake son laɓewa a wuri mai duhu.

To, sai a shafe ko'ina da fari fat? A'a, nan ma akwai kuskure, kuma mun sha ganinsa. Farin bango, farar ƙofa, farin tayil, farin makunnin wuta: komai ya narke cikin juna, tsoho ba ya ganin inda bango ya ƙare ƙasa ta fara, ba ya ganin bakin matakala. Abin da idon tsufa yake nema shi ne bambanci. Bango ya zama mai haske amma ba mai kashe ido ba, kamar ruwan madara, ko ruwan ƙwai mai sauƙi, ko ruwan hoda da aka sirka sosai, silin kuma fari. Sa'an nan ƙofa da katakon da ya kewaye ta su yi duhu, ruwan ƙasa ko ruwan makuba, domin a gan su daga nesa. Kujera kada ta zama launi ɗaya da daɓen ɗaki. Teburin tsakiya na gilashi a ba wa 'yar da ta yi aure ta tafi da shi. In akwai 'yar matakala tsakanin falo da baranda, ko tsakanin falo da hanyar bayan gida, a ja mata layi a baki da fenti ruwan ɗorawa. Ba za ta yi kyau a hoto ba, mun sani. Amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum wajen 684,000 suke mutuwa kowace shekara sanadin faɗuwa, kuma waɗanda suka haura shekara 60 ne abin ya fi shafa. Dukanmu mun san wata tsohuwa da ta karye a ƙugu cikin ɗakinta, ba ta ƙara tashi ba.

Akwai wata dabara ta dā da muka yar don kada a ce ba mu waye ba. Waɗanda suka yi makarantun mishan ko suka kwanta a tsofaffin asibitoci za su tuna yadda ake raba bango biyu: daga ƙasa zuwa wajen ƙugu fentin mai, mai ɗan duhu, daga nan zuwa sama fentin ruwa mai haske. Masu wannan aiki sun san ƙasar da suke ciki. Hunturu yana kawo ƙura daga Nuwamba har zuwa Fabrairu, damina tana kawo jan taɓo a ƙafafun yara, tsoho kuma yana dafa bango in zai tashi. Ƙasan bangon ne yake shan dauɗa, shi ne kuma ake iya gogewa da tsumma da sabulu. Yau akwai fentin ruwa mai ɗan santsi wanda ake wankewa, ba ya ƙyalli kamar na mai. Ya fi tsada, amma ba dole a shafa shi ko'ina ba. Galan ɗaya ko biyu na lita 4 zai ishi ƙasan bangon ƙaramin falo, sama kuwa a yi da na bokitin lita 20 da aka saba. Fentin nan mai gurje-gurje da ake yi wa bangon waje, kada a yarda mai fenti ya shigo da shi falo, gama ƙura tana maƙalewa a cikinsa, yana kuma ƙuje fatar tsoho in ya goga hannu.

Iyayenmu ma ba za mu ƙyale su ba, gama ba kullum laifin yara ba ne. Sau da yawa abin da yake duhunta ƙaramin falo ba fenti ba ne, kaya ne. An kwaso kujerun kushin bakwai na tsohon gida, da shogilas cike da tangaran da ba a taɓa cin abinci a ciki ba, da kabad, da tebur uku, da kalandar kowace shekara tun daga bikin wane har jana'izar wance, duka an cusa a ɗakin da bai kai rabin na dā ba. Har taga an toshe da kabad. Mun san rabuwa da waɗannan ba sauƙi, musamman in mai gidan ko uwargidan ta riga ta tafi, kowane kofi yana da labarinsa. Ba mu ce a zubar ba. Amma daidai ruwa daidai tsaki. A fara zaɓen abin da zai shiga, kujeru huɗu masu ɗan tsayi da hannu mai ƙarfi da za a dafa a miƙe, da hotuna biyar ko shida da aka fi ƙauna, a tara su a bango guda. Sauran a raba wa 'ya'ya tun ana da rai ana ganin murnarsu. In baƙi sun yi yawa, kujerun roba suna sito. Bayan an san kayan da za su zauna, sa'an nan a zaɓi launin da zai tafi da su. Yawancinmu a juye muke yi, mu yi fenti tukuna, kaya su zo su ƙi shi.

Wasu kuma suna tambaya ko launi yana rage zafi. A gaskiya fentin cikin ɗaki ba ya sanyaya ɗaki. Mai gini a Numan ko Yola, inda zafin Maris da Afrilu yake wuce digiri 40, ya sa kuɗinsa a silin mai kyau, da tagogi masu fuskantar juna, da kwanon rufi da bangon waje masu haske, domin su ne rana take duka. Sai dai ido yana da nasa ji. Ruwan bula mai sauƙi ko kore mai haske yana kwantar da rai a ƙasar zafi, a Jos ko Pankshin kuwa, inda sanyin Disamba yake shiga ƙashi, ruwan madara da ruwan zuma sun fi sa ɗaki ya yi kamar da ɗumi.

Kafin a sayi bokiti ko ɗaya, a sa mai fenti ya shafa launi biyu ko uku a bango, kowanne faɗin tabarmar yaro, a bar su su bushe, gama launin ɗanyen fenti dabam yake da na busasshe. A kawo Baba da Mama su duba da safe, su duba da la'asar, su duba da dare da fitilar da za su riƙa amfani da ita. Zuwa da kai ya fi aike. Wannan ba abin da za a yanke ta waya ba ne. In haɗa launin aka yi a kasuwa, a sayi wanda zai isa gaba ɗaya, domin da wuya mai haɗawa ya sake fitar da irinsa daidai. Sabon filasta a ba shi kamar wata guda ya bushe. Bangon da yake tsotsar danshi daga ƙasa a gyara shi tukuna, in ba haka ba damina ɗaya za ta ɓare fentin. A kuma sa ido kada a tsinka fentin da ruwa fiye da kima don a ce ya isa. Lokacin da ya fi kyau shi ne bayan ɗaukewar ruwa, wajen ƙarshen Oktoba, kafin ƙura ta yi ƙarfi, kafin kuma masu fenti su shiga rububin Kirsimati.

In tsohon gida ne ake gyarawa, akwai abin lura guda. Fentin mai na dā, musamman mai launin ja da rawaya, sau da yawa akwai dalma a cikinsa. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara fiye da 400 suka mutu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙananan yara ta fi kamawa. Saboda haka in za a kankare tsohon fenti a ƙofa ko taga, a jiƙa shi tukuna kada ya tashi ƙura, a fitar da jikoki da mata masu ciki daga gidan, a goge ɗakin da jiƙaƙƙen tsumma bayan an gama.

Shi kuwa hedimastanmu, da babbar 'yarsa ta zo hutu ta zauna da su kwana uku, ita da kanta ta kasa zura zare a allura a falon da yamma. Ba a yi wata doguwar magana ba. Ta ce, "Baba, wane launi kuke so?" Ya ce irin na tsohon ajinsa. An bar bango guda ɗaya da ruwan tokan don kada ran masu biya ya ɓaci, sauran ukun aka mayar da su ruwan madara, sai da aka yi shafi uku kafin duhun ya ɓuya. Baƙin teburin yana baranda yanzu, a kansa Mama take shanya kuɓewa.